An Matsar da Ɗakin Baba

Asabar, 3 ga Mayu

Sun rushe mana gari.

Da yamma na kunna kwamfuta kamar kowace Asabar, shayina a gefe, abin kunne a kai, sai wasan ya ce in dakata yana sabunta kansa. Na dakata. Da ya gama sai ga sanarwa da manyan baƙaƙe, har da alamar motsin rai uku a jere, alhali ɗaya ma ta yi yawa. Wai daga yau babu tsayayyar taswira. Duk yaƙin da za a shiga, na'ura ce za ta ƙirƙiro filinsa nan take, da duwatsunsa da kogunansa da gine-ginensa, in an gama ta share. Wai kowane yaƙi sabuwar duniya. Wa ya gaya musu mun gaji da tsohuwar?

Shekara da shekaru a taswira ɗaya muke yaƙi, ni da Yaya da Mai Kemis na bakin layinmu. Mu uku ne rundunar. Yaya daga can garinsu, mu biyu daga nan. Babu lungun da ba mu raɗa wa suna ba, kuma duk daga gidan da muka tashi muka kwaso sunayen. Doguwar hasumiyar nan ita ce Ɗakin Baba, don ba wanda ya taɓa shiga ya fito yana murmushi. Gidan man da kullum yake cin wuta, Kicin ɗin Inna. Ga Lungun Kare. Ga Bayan Tanki, inda Yaya yake ɓuya ya sha sigari yana ɗan sakandare, kuma nan ɗin yake ɓuya yanzu da bindiga. Mai Kemis bai taɓa ganin gidanmu ba, an sayar da shi tun kafin in san shi, amma ya fi jikokin Baba sanin ɗakunansa.

Yau kuwa wani fili aka jefa mu, ja wur, da wasu rumbunan ƙarfe marasa ƙofa. Yaya ya ce, "Waƙafi, ina muke?" Sunan da ya liƙa mini ke nan tun ranar da na fara aikin gyaran rubutu a maɗaba'a. Na ce ya tambayi na'ura. Kafin in gane ina gabas take wasu yara sun harbe mu, ɗayansu har da rawa a kan gawata.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na rubuta wa kamfanin ƙorafi, shafi guda, ba kuskure ko ɗaya. Nan da nan amsa ta zo: suna godiya da zumuɗina. Ita ma na'ura ce ta rubuta. Wataƙila ƙanwar mai zanen taswirar ce.

Laraba, 7 ga Mayu

Matata ta gan ni ina tsaki ni kaɗai a falo. Ta ce, "Malam, wasa ne fa. Mutum da furfurarsa yana zaman makokin gidan mai." Na ci gaba da tsakina, don bayanin ya fi tsakin tsawo.

Ni da Yaya ba mu iya waya ba. Gaisuwa, ya yara, ya zafi, shi ke nan sai mu tsaya muna sauraron numfashin juna har wani ya ce to a gaida gida. Haka muke tun bayan rasuwar Inna. Amma in muna cikin wasan nan sai mu yi awa biyu baki bai rufe ba. A Bayan Tanki ya gaya mini zai yi ritaya daga kamfanin inshora. A kan matakalar Ɗakin Baba na gaya masa babbar 'yata ta samu miji. Kowa idonsa na kan abokan gaba, saboda haka maganar takan fito da sauƙi.

Sai kuma ciwon shanyewar jiki da ya kama Yaya bara. Hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, baki ma ya dawo har ya fi da. Hanya ce ba ta dawo duka ba. Anti, matarsa, ta gaya mini a ɓoye cewa ya fita sayen burodi wata safiya, maƙwabci ne ya dawo da shi daga layi na biyu, yana tsaye da ledar a hannu yana duba ƙofofin mutane. Amma a tsohuwar taswira bai taɓa ɓata ba. Ko sau ɗaya. In na ce Lungun Kare, kafin in rufe baki yana can.

To ita suka share.

Asabar, 10 ga Mayu

Na karanta littattafan matafiya da yawa, na ga ƙaryar da suka shirga kan ƙasashen da ba su je ba, amma ko mafi ƙaryarsu bai taɓa gina gada a kan busasshiyar ƙasa ya bar kogi a gefe ba gada ba. Na'urar nan ta yi. Ta kuma yi bene mai matakala da take hawa ta ƙare a jikin rufi.

Yaya ya buɗe wata ƙofa ya tarar da bango a bayanta. Ya yi ta dariya har da tari. Ya ce, "Wannan maginin shi ne ya yi mana banɗakin baya, na gane aikinsa." Ni ban ga abin dariya ba, ana harbinmu ta ko'ina, kuma ba ni da sunan da zan kira ko'ina da shi. "Bayan wancan abin" ba adireshi ba ne. Na ce masa hagu, ya yi dama. Na sake cewa hagu. A na uku na ɗaga murya fiye da yadda ƙane yake ɗaga wa yayansa.

Mai Kemis ya ce, "Malam, a hankali, kunnena na haya ne."

Mun sha kashi sau huɗu ko biyar, na daina lissafi.

Litinin, 12 ga Mayu

Anti ta kira ina ofis. Da ta ce "Ƙanina" maimakon "Waƙafi" na san ba wasa ya kawo ta ba. Ta ce daga kicin take jin muryata tana fitowa ta abin kunnen Yaya. Ta ce likita ya ce a raba shi da tashin hankali, kuma in wasan nan ya zama tashin hankali za ta naɗe wayoyin ta sa kwamfutar a kwali, ta ga wanda zai hana ta.

Na ce laifin taswirar ne. Ta ce ita ba ta ji taswira tana ihu ba.

Talata, 13 ga Mayu

Na biya kemis karɓar maganin hawan jini. Mai Kemis yana zuba ƙwayoyi a 'yar leda yana yi mini lacca. Wai kowace taswira daga wata doguwar lamba take tsirowa, kuma masu wasan iri suke ce wa lambar.

Na ce wane iri?

Ya ce, "Iri dai, na shuka."

Na ce wane irin iri ne ake shukawa ya fito da gidan mai?

Ya ce, "Irin wanda ba ka taɓa ganin irinsa ba. Malam, akwai mutane a bayanka."

Abin da na fahimta: lamba ɗaya, taswira ɗaya, har abada. In ka buɗe ɗakin wasa naka na kanka, inda sojojin na'ura ne abokan gaba, kana iya rubuta lambar da hannunka, filin da ta haifa jiya shi za ta haifa gobe. Tsohuwar taswirarmu ba ta da iri, mutane ne suka zana ta, shi ya sa matakalarta take kai mutum wani wuri. Amma lambobin ba su da iyaka. A cikinsu dole akwai wadda ta yi kama da gida.

Mai Kemis ya ce in na fara wannan neman zan dawo sayen maganin ido. Ɗan kasuwa.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ina yi da safe kafin in fita, ina yi lokacin hutun rana a kwamfutar ofis. In rubuta lamba, in leƙa, in fita. Tsibiri. Hamada. Gari mai hasumiya tara ba gada. Gari mai gada ba hasumiya. Wani fili da ba komai a cikinsa sai motar bas guda a kan dutse, ba hanyar da ta hau da ita. Na tsaya na daɗe ina kallonta, ban san dalili ba.

Wadda ta ɗan yi kama sai in rubuta lambarta a gefen duk takardar da ke gabana.

Asabar, 17 ga Mayu

Na yi wasa da ladabi, kamar mai ziyarar asibiti. Ban ɗaga murya ba, ban ma cika magana ba. Yaya ne ya yi ta surutu. Ya ga wani dutse mai tumbi ya ce wannan Kawu ne bayan cin abinci, mu haɗu a bayan Kawu. Mai Kemis ya gane nan take. Na ce ba amfanin raɗa wa abu suna in za a share shi bayan minti ashirin. Yaya ya fara wata magana kan ranar Laraba, sai aka harbe ni, ba mu koma kanta ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Littafin taswirori na 'yan firamare muke gyarawa a maɗaba'a. Aiki mai daɗi: kogi yana nan inda aka bar shi bara. Yau Manaja ya kira ni ofishinsa, ya juyo mini da shafi, ya ɗora yatsa. Tsawon wani kogi ya zama lamba mai gida goma sha wani abu. In gaskiya ne, kogin nan ya wuce rana ya dawo.

Irina ne. Na rubuta shi a gefen shafin da jan biro, mai jera rubutu kuwa ya san duk abin da jan birona ya rubuta umarni ne, bai tambaya ba, ya shigar. Manaja ya ce, "Malam, kai ne kake kama mana kuskure. In kai ka fara shukawa, wa zai cire?" Bai san yadda kalmar shuka ta dace ba.

Allah ya sa ba a kai ga bugawa ba. Na koma baƙin biro don harkar iri.

Talata, 27 ga Mayu

Na samu.

Hasumiya ɗaya, doguwa. Kogi da gadarsa a kansa, kamar masu hankali. Gidan mai. Har da tanki, da ɗan lungu a bayansa daidai mutum ɗaya da sigarinsa. Na zagaya ciki ni kaɗai, ba harbi, sai ƙarar takalmin sojana. Na kira matata ta gani. Ta ce, "To, Allah ya sanya alheri, sai ka zo ka ci abinci."

Abu ɗaya: a juye take. Abin da ke dama a tsohuwar yana hagu a nan, kamar an ɗaga wa gidanmu madubi. Ƙaramin abu ne. Na ga littattafan da aka buga da hoto a juye ba wanda ya lura.

Ban gaya wa Yaya ba. Ina so in ji muryarsa in ya gani.

Asabar, 31 ga Mayu

Na buɗe ɗakin, na shuka irin, na gayyace su.

Yaya ya ce, "Waƙafi, gida muka dawo?" Na ce gida muka dawo, Yaya. Na ji daɗin kaina ƙwarai a wannan minti ɗin, gara in rubuta.

Na ce mu haɗu a Ɗakin Baba. Hannunsa bai jira kansa ba, ya kwasa da gudu ya yi dama, inda gada take shekara da shekaru. Ya faɗa kogi. Muka yi dariya, har da shi. Aka dawo da shi farko, ya sake yin dama, ya sake faɗawa. Wannan karon Mai Kemis kaɗai ya yi dariya, ita ma rabi. A na uku bai gudu ba. Sojansa ya tsaya yana juyawa a hankali, ya kalli hasumiya, ya kalli inda ya kamata ta kasance.

Ya ce, "An matsar da Ɗakin Baba ne?"

Na ce yana hagu, Yaya.

Ya ce, "Da can a dama yake. Ko ba a dama yake ba?" Sai can ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba: "Ko ni ne."

Na fara bayani, madubi, lamba, na'ura, ba kai ba ne. Ina cikin yi na ji ƙarar ajiye abin kunnensa a kan tebur. Sojansa ya tsaya yana fuskantar bango har wani sojan na'ura ya zo ya harbe shi a baya.

Mai Kemis bai ce komai ba. Mutumin da ba ya iya miƙa maka maganin mura sai da lacca.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na kira. Ba a ɗauka ba.

Talata, 3 ga Yuni

Anti ta ɗauka. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kwamfuta tana kwali, kwali yana saman kabad.

Ta ce, "Ka san abin da yake gani in ya fita layinmu? Komai ya san shi, amma ba abin da yake inda ya bar shi. Shi ne ka zauna ka nemo masa irinsa, ka kai masa har ɗaki."

Irinsa. Ba ta san ta yi wasa da kalma ba, ni ma ban nuna mata ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Yamma ta yi, na haɗa shayi don hannu ya saba. Na kira Yaya a waya. Lafiya lau. Yara lafiya. Zafi kam akwai shi. Muka saurari numfashin juna. A gaida gida.

Matata ta ce in ba ni da abin yi in gyara mata ƙofar kabad ɗin kicin. Na gyara. Yanzu ba ta rufuwa ta ɗaya gefen.

Laraba, 11 ga Yuni

Na je kemis da rana na tarar da Mai Kemis yana hamma a kan kanta. Ya ce Laraba ta zama ba daɗi tunda aka sa Babban Yaya a kwali. Na ce me ya haɗa Yaya da Laraba? Sai ya kama gyara kwalaben da ba su karkace ba.

Ashe tun makon da aka sabunta wasan suke yi su biyu duk Laraba, lokacin da kemis ba mutane. A sababbin taswirori. Yaya ne ya nema. Ya ce kada a gaya mini tukuna, wai ina cikin takaba.

Na ce suna cin wasa kuwa? Ya ce ko sau ɗaya. Ya ce, "Amma Malam, dariyar da yake yi, har kwastoma na tambaya wa ke cikin wayar."

Na karɓi maganina na fito. Ban ma tsaya gyara masa rubutun da ya manna a ƙofa ba, mai kuskure biyu.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na kira Yaya na ce Mai Kemis ya tona. Ya ce ya san bakin mutumin nan ba murfi. Daga nan muka yi waya mafi tsawo tun rasuwar Inna, kuma yawancinta shi ya yi.

Abin da na riƙe. Ya ce a tsohuwar taswira kullum da fargaba yake shiga. Yakan zauna kafin lokaci yana bitar sunayen a ransa, Lungun Kare, Bayan Tanki, kamar mai shiga jarrabawa, don ya san wata rana ɗaya zai ɓace masa, kuma a gabana zai ɓace. "Kai kuwa kuskure ba ya wuce ka, sana'arka ce." Ya ce a sabuwar ba abin da zai manta, don ba abin da ya taɓa sani. Yaran nan masu rawa a kan gawa ma ba su san hanya ba. Kowa baƙo ne. "Wuri ɗaya ke nan da ya rage inda in na ce ina muke, ba wanda yake kallon matata da tausayi."

Na ce ai da ya gaya mini. Ya ce ya fara, aka harbe ni.

Sai na ji Anti daga nesa tana tambaya wa yake magana da shi haka tun ɗazu. Ya ce Waƙafi ne. Ta ce ƙarya ne, ku da ba kwa wuce a gaida gida. Ta karɓi wayar. Sharaɗi biyu: ba ihu, ba shuka. In ta ji ɗaya, kwalin ba saman kabad zai koma ba, gidan ƙanwarta za shi.

Na ce na ji. Ta ce ba ji ta tambaya ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Fadama aka jefa mu yau, da wasu dogayen bututu da ba su haɗa komai da komai ba, da jirgin ruwa a tsakiyar gona. Har yanzu ina nan kan bakana: wannan ba zanen taswira ba ne, atishawar na'ura ce, kuma zan sake rubuta wa kamfanin.

Yaya ya ce, "Waƙafi, ina muke?"

Na ce ban sani ba, Yaya.

Ya ce, "Madalla. Biyo ni."

Na bi shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa jama'a abin da zai iya lalacewa, ga shi yana gudu tsakiyar fili ba ko duba gefe. Muka faɗa rami mu biyu. Muna ciki muna jiran Mai Kemis ya zo ya cece mu, ya gaya mini likita ya ƙara masa wani gwaji wata mai zuwa, kuma yana jin tsoro kaɗan. Na ce zan zo in raka shi. Ya ce in na zo kada in gyara wa likita rubutu.

Akwai wata bishiya a bakin ramin, ta karkace, ta yi kamar ta riƙe ƙugu. Na ce a gaya wa Mai Kemis muna ƙarƙashin Anti. Ban san ta shigo ɗakin da shayinsa ba.

An share taswirar bayan an harbe mu. Lambarta ta fito a ƙasan allo, biro yana hannuna. Shayina ne ya huce, na ajiye biron na tashi ɗumamawa.